Yadda zaku saka layinku cikin kasafin kuɗi har a zo a gyara shi a Kaduna

Duk shekara da zarar ruwan Agusta ya kankama a garin nan sai kaga hotuna sun cika Facebook, ga layi ya koma rafi, ga keke napep ya kafe a taɓo, ga yara sun naɗe wando suna tsallaka kwata zasu islamiyya, a ƙasan hoton an rubuta muna kira ga gwamnati. Nima na sha rubuta irin wannan kiran kuma da zuciya ɗaya nake rubutawa, don layinmu ya wahalar damu ba kaɗan ba. Sai wata rana bayan la'asar wani dattijo a layin, injiniya ne da yayi ritaya daga aikin gwamnati, ya tsayar dani a ƙofar masallaci yace "Ɗana, wace gwamnatin kake kira? Kuma a wane shafi na kasafin kuɗi layin nan yake?" Nace Baba wallahi ban sani ba. Yace toh aikin da baya cikin takarda ko ciyaman ƙanin babanka ne bashi da inda zai ciro kuɗinsa. Daga ranar muka sake lale, kuma abinda muka koya ne zan zayyano muku anan.

Matakin farko, ku gano titin na waye. Wannan shine inda yawancinmu muke faɗuwa tun ba'a fara ba. Hanyoyin da ke cikin Kaduna ba na mutum ɗaya bane. Akwai na tarayya kamar hanyar Kaduna zuwa Abuja da ta Kaduna zuwa Zariya, waɗannan ma'aikatar ayyuka ta tarayya da hukumar gyaran hanyoyin tarayya wato FERMA ke da alhakinsu. Akwai na jiha, manyan titunan cikin gari irin waɗanda aka faɗaɗa a shirin sabunta birane da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta ƙaddamar a 2019, su kuma hukumar hanyoyi ta jiha wato KADRA da ma'aikatar ayyuka ta jiha ke kula dasu. Sai kuma layukan cikin unguwa da kwatoci da ƙananan kwalbatoci, waɗanda tsarin mulkin 1999 a jadawali na huɗu ya lissafa su cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da fitilun kan titi da kwashe shara da kasuwanni da tashoshin mota, har saka wa layi suna da bawa gidaje lamba. Amma fa a aikace jiha tana shiga unguwa ta shimfiɗa kwalta idan aikin yafi ƙarfin ƙaramar hukuma, shi yasa zan ce ku buga ƙofa biyu ba ɗaya ba, zan dawo kan wannan.

Sannan ku tabbatar da ƙaramar hukumar da kuke ciki da kuma mazaɓarku, kar kuce ai kowa ya sani. Garin Kaduna ya ratsa ƙananan hukumomi huɗu ne. Mutumin Kawo ko Unguwar Rimi ko Badarawa yana Kaduna ta Arewa, sakatariyarsa na Magajin Gari. Mutumin Tudun Wada ko Kakuri ko Barnawa yana Kaduna ta Kudu, nasa ofishin na Makera. Ɗan Rigasa kuwa duk da yana ganin kansa a tsakiyar gari, ƙaramar hukumarsa Igabi ce kuma hedikwatarta na can Turunku, haka ɗan Sabon Tasha ko Narayi yana Chikun ne, hedikwata a Kujama. Idan kana shakka duba katin zaɓenka, sunan ƙaramar hukuma da mazaɓa na jiki. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kowace mazaɓa da kansilanta, an zaɓe su a watan Oktoban 2024, toh ku san naku da sunansa da inda yake zama.

Mataki na biyu, ku haɗu ku zama murya ɗaya. Mutum ɗaya in yaje sakatariya za'a ɗauke shi mai neman alfarma ne, amma kwamitin mazauna layi da takarda mai ɗauke da sa hannun masu gidaje wani abu ne daban. Ba sai kun tara mutum hamsin ba, mutum biyar zuwa bakwai sun isa, amma ku zaɓa da hankali: dattijo ɗaya da ake jin nauyinsa, matashi ɗaya mai iya rubutu da waya mai kyau, wani da ya taɓa aikin gwamnati ya san yadda fayil ke tafiya daga tebur zuwa tebur, da mace aƙalla ɗaya. Maganar mace ɗin nan kar ku ɗauke ta wasa. A namu kwamitin wata Hajiya mai sayar da ƙosai a bakin layi ita ta nuna mana ainihin inda ruwan ke fara taruwa, don ita ke wurin tun asuba tana kallo, mu duk muna zargin kwatar gaban masallaci ashe wata kwalbati ce can sama da ta rufta ciki shekara da shekaru, ruwa baya samun hanya sai ya juyo ya biyo tsakiyar layi. Kuma kafin ku ɗaga ƙafa zuwa ko ina ku fara zuwa gaban mai unguwa, ku durƙusa ku gaishe shi, Allah ya ja zamaninka ga abinda ya kawo mu, ku nemi ya sa hannu da hatiminsa, in da hali ya miƙa ku wajen dagaci ko hakimi. Ku haɗa da liman, in unguwar akwai coci ku haɗa da fasto, ruwan sama dai baya tambayar addinin mai gida. Abu ɗaya da zan roƙe ku, kar ku bari kwamitin ya zama na jam'iyya, ranar da aka fara cewa ai na su wane ne toh rabin layin sun janye.

Mataki na uku shine wanda nafi so ku daɗe a kansa, ku san me kuke nema takamaimai. "A gyara mana hanya" ba buƙata bace da za'a iya sawa a kasafi, don babu wanda zai iya yi mata farashi. Ku samo tef ɗin awo na magina, ku auna tsawon layin daga inda ya tashi zuwa inda ya haɗe da babban titi, ku auna faɗinsa a wuri uku ko huɗu don zakuga wani wajen ya tsuke saboda an ci hanya da shago ko dakali. Ku ƙirga gidaje, ku rubuta makarantu da masallatai da asibiti ko kemis da ke amfani da layin. Ku ɗauki hoto ana tsakiyar ruwa, ku sake ɗauka a daidai wajen bayan kwana biyu don a ga ruwan baya tafiya, ku kunna alamar waje a wayar don hoton ya nuna inda aka ɗauka.

Daga nan sai ku zauna ku faɗa wa kanku gaskiya. Kowa kwalta yake so, nima ita nake so, amma kwalta ba magudanar ruwa asarar kuɗi ce kawai, damina biyu ta isa ta ɓantare ta daga gefe, duk wanda ke yawo a unguwannin garin nan ya ga irin wannan da idonsa. Ruwa ne ke kashe titi. Don haka ni shawarata ku raba buƙatarku gida uku: na farko magudana ta kankare hagu da dama tare da kwalbati, na biyu a zuba jar ƙasa a kawo gireda ta baje a danne da rola, wato burji, na uku kwalta ko intalok. Amfanin rabawar shine ƙaramar hukuma zata iya ɗaukar na farko ko na biyu da ɗan abinda ke hannunta, na ukun kuma ku kai wa jiha. In kuka dunƙule duka kuka ce sai kwalta, za'a duba kuɗin a ga yayi yawa a ajiye fayil ɗin gefe, shikenan kun rasa duka. Kuma ku bi ruwan da ƙafa ku ga ina zai faɗa in an gina magudanar, kar ku kwashe shi daga ƙofarku ku juye wa mutanen layin ƙasa, wannan rigimar ta raba maƙwabta da yawa. In kuna da injiniya ko wani mai ƙididdigar gini a unguwa ku roƙe shi ya yi muku ƙiyasin kuɗi ko da na wucin gadi ne a shafi ɗaya.

Mataki na huɗu, lokaci. Kasafin gwamnati daga Janairu yake zuwa Disamba, amma ba'a Janairu ake rubuta shi ba, tun tsakiyar shekarar da ta gabata ake fara tattara buƙatu, sassa su kawo nasu, a tace, a kai gaban majalisa wajen ƙarshen shekara. Mu kuskuren da muka yi karon farko kenan, mun kai takarda a watan Fabrairu muna murna mun yi sammako, ashe an riga an rufe na shekarar, sai dai mu jira na gaba ko in Allah yasa anyi ƙwarya-ƙwaryar kasafi. Toh ku shirya takardunku tun kafin damina ta yi nisa, daga Mayu zuwa Yuli ace komai na hannunku, hotunan damina sai ku riƙa ƙarawa a kai.

A Kaduna muna da wata ƙofa da ba kowace jiha ke da ita ba, ana ce mata CDC, wato takardar buƙatun al'umma. Tsari ne da al'umma ke zama su jera abinda suka fi buƙata ɗaya bayan ɗaya, a tattara daga mazaɓu a miƙa wa ƙaramar hukuma da Hukumar Tsare-tsare da Kasafi ta jiha don a duba wanda zai shiga kasafi. Jihar ta shiga ƙawancen gudanar da gwamnati a buɗe na OGP tun 2018, kuma ana yin taron jin ra'ayin jama'a kan daftarin kasafin jiha kafin a kammala shi. Ku tambayi kansila da jami'in kula da cigaban al'umma na sakatariyarku yaushe za'ayi zaman CDC na mazaɓarku, ku je da yawanku ranar, don a wajen ake jera buƙatu kuma wanda bai zo ba ba'a jin tasa. Ku sani fa a zaman nan zaku haɗu da wasu layukan suma da nasu kukan, wani rijiyar burtsatse yake nema wani rufin aji, in kuka zo da awo da hoto da sa hannu taku zata fi tsayawa da ƙafarta, in kuma kuka ga buƙatar wasu tafi taku gaggawa, misali gadar da yara ke faɗawa, ku mara musu baya bana su mara muku baɗi.

Mataki na biyar, takardar kanta. Shafi ɗaya ya isa, da Turanci ko Hausa, amma a buga ta a kwamfuta. A sama ku rubuta zuwa ga Shugaban ƙaramar hukuma, ta hannun kansilan mazaɓa. Kanun ya zama a fili, misali neman saka gina magudanar ruwa da kwalbati a layi kaza, mazaɓa kaza, cikin kasafin shekara kaza. Sakin layi na farko ku faɗi su waye ku, na biyu matsalar da awonta, na uku abinda kuke nema kashi-kashi, na huɗu abinda ku zaku yi da kanku, kamar yashe kwata da hana zuba shara da bada haɗin kai in za'a rushe abinda ya shigo hanya. Banda zagi, banda tone-tonen alƙawarin kamfe, banda kirari mai tsawo. Ku maƙala hotuna da takardar sa hannun mazauna. Ku yi kwafi da yawa: ɗaya ofishin ciyaman, ɗaya sashen ayyuka wajen darakta, ɗaya kansila mai gafaka da ke riƙe da ayyuka, ɗaya kakakin majalisar kansiloli, sannan ƙofa ta biyun da nace, ɗan majalisar jiha mai wakiltarku da KADRA, su kuma ku nemi kashin kwalta. Ɗan majalisar tarayya ma a bashi, suna da ayyukan mazaɓu da suke sawa a kasafin tarayya.

Ga abinda bana so ku manta ko da kun manta sauran. Duk ofishin da kuka kai takarda ku riƙe kwafi guda a hannu, ku ce wa ma'aikacin rajista, Yallaɓai don Allah a buga mana sitamfi a wannan, ya buga ya sa kwanan wata ya sa hannu. Kar ku yarda da "ajiye nan zan bashi". Mun taɓa komawa wani ofis bayan wata biyu aka ce ba'a taɓa ganin takardarmu ba, Baba injiniya bai ce komai ba ya zaro kwafin daga aljihun babbar riga ya ɗora kan tebur, ga sitamfi ga kwanan wata, nan take aka tashi yaro ya shiga ɗakin fayil, cikin minti goma sai gashi ya fito da ita duk ƙura.

Mataki na shida, ganin kansila. Ku je masa gida ko ofis cikin mutunci, Honarabul mun zo ne kan maganar layinmu, ku bashi kwafinsa. Ku fahimci iyakar ƙarfinsa don kar ku ɗora masa abinda ba nasa ba: kansila baya bada kwangila kuma baya riƙe da asusu, amma shi da 'yan uwansa ne ke zama kan kasafin da ciyaman ya gabatar su tattauna su amince, don haka abinda zaku nema a wajensa shine ya tsaya sai sunan layinku ya fito a rubuce. Ku gayyace shi ya zo ya gani da idonsa ranar da akayi ruwa, tare da wani daga sashen ayyuka in zai yiwu.

Mataki na bakwai, in kasafi ya fito ku karanta shi. Na jiha ana saka shi a intanet a shafin Hukumar Tsare-tsare da Kasafi, na ƙaramar hukuma kuma ku nema a sakatariya ko wajen kansila. Kasafi kashi biyu ne, na yau da kullum wato albashi da hidimar ofis, da na manyan ayyuka. Ku tsallake na farkon ku tafi na biyu, ku nemo sashen ayyuka, ku bi layi-layi da yatsa. Abinda kuke nema shine sunan layinku da mazaɓarku da adadin kuɗi a gabansa. In kuka ga an rubuta gyaran hanyoyi a faɗin ƙaramar hukuma kawai ba suna, toh baku shiga ba tukuna, dunƙulallen kuɗi ne da kowa zai ja, sai ku koma ku nemi a rubuta muku cewa layinku na cikin waɗanda za'a yi da shi.

Za'a ce muku babu kuɗi, kuma wani lokacin gaskiya ne, don albashin malaman firamare da ma'aikatan ƙananan asibitoci da na sakatariya na lashe kaso mai yawa kafin a zo kan siminti. Amma kuna da damar sanin nawa ya shigo. Ƙananan hukumomin ƙasar nan 774 suna da kaso 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, jihohi 26.72, tarayya 52.68, kuma abinda kowace ƙaramar hukuma ta samu a wata ana wallafa shi, ofishin Akanta Janar na tarayya da hukumar ƙididdiga ta NBS suna fitarwa. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye maimakon bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, duk da aiwatar da hukuncin na tafiyar hawainiya. Sannan akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta baku dama ku rubuta ku nemi takardar kasafi ko ta kwangila, kuma ta bawa ofis kwana 7 ya amsa. Ku yi amfani da ita a natse, a rubuce, da sitamfi a kwafinku.

Shiga kasafi kuma ba shine sakin kuɗi ba, wannan ya kamata kowa a layin ya sani don kar a fara zargin 'yan kwamiti sun cinye. Aiki na iya zama a takarda shekara ta ƙare ba'a saki ko sisi ba. Ku sa mutum biyu su riƙa leƙa sashen ayyuka duk bayan sati biyu ko uku suna tambaya an tallata kwangilar? an bayar? waye ɗan kwangilar? In shekara ta doshi ƙarewa shiru, ku sake rubutawa a mayar da aikin cikin kasafin baɗi, ku maƙala shafin bana da ke ɗauke da sunan layinku.

Ranar da kuka ga tifa ta sauke yashi, toh sabon aiki ya fara muku. Ku nemi a kafa allon kwangila mai sunan aikin da wanda ya bayar da wanda ke yi. Ku nemi sanin tsawon da aka biya da faɗi da zurfin magudanar, ku riƙe tef ɗinku. Ku lura ko ana saka rodi, ku lura da kwaɓin siminti, ku lura ko ana shayar da kankaren ruwa bayan an zuba, sannan ku duba gangaren, don magudanar da bata gangara ba tafki ce ta sauro. Kar ku yi faɗa da lebura ko birkila, ba su suka yanke ba, ku ɗauki hoto ku kai wa injiniyan da ke sa ido daga ofishin da ya bada aikin, in na jiha ne akwai manhajar Eyes and Ears da gwamnatin Kaduna ta yi don jama'a su tura rahoton ayyuka. Kuma kar wani ɗan kwamiti ya karɓi ko kuɗin shan ruwa daga ɗan kwangila, in ya karɓa bakinsa ya mutu. Akan riƙe wa ɗan kwangila wani kaso na kuɗinsa zuwa wani lokaci bayan gama aiki saboda gyaran abinda ya lalace, don haka in kuka ga tsagewa a daminar farko ku rubuta da wuri kafin a sallame shi.

Sai maganar da tafi ɗaci, masu dakali da rumfar shago da sokawe da suka shigo hanya. Gara ku zauna dasu tun yanzu a gaban mai unguwa a yi maslaha kowa ya ja nasa baya da hannunsa, da ace sai hukumar tsara birane ta jiha wato KASUPDA ta zo ta shafa jan fenti. Ku sanar da hukumar ruwa da masu wutar lantarki in akwai bututu ko turke a kan hanyar, kar gireda ta fasa bututu unguwa ta kwana wata ba ruwa.

Kafin duk wannan ya tabbata kuma layin na nan kuna binsa kullum, don haka ku sa ranar aikin gayya, mu Asabar ɗin ƙarshen wata muke yi bayan asuba, kowane gida ya fito da shebur ko baro ko ya bada kuɗin buhu, a yashe kwata a kwashe abinda aka fitar a ranar kar a barshi a gefe ruwa ya mayar. Ku ɗauki hoton wannan ma ku saka a fayil. Namu layin yanzu magudanar ɓangare ɗaya da kwalbatin saman sun samu, ɗaya ɓangaren da burjin muna kan bi, takardar bana tana hannun Baba injiniya, ranar Litinin zamu mayar da ita rajista a buga mana sitamfi.